Kalmar "Kabon" Suke Sayar Muku

Duk mai leƙa shafukan masu sayar da kambas a Instagram ko WhatsApp ya ga yadda kalmar "kabon" ta zama layar kasuwa. Takalmi ne mai tudu kamar an ɗora shi a kan katifa, kore shar ko ruwan hoda, an rubuta a ƙasan hoton cewa yana da fallen kabon a ciki, irin na Kipchoge. Wasu sababbi ne a kwali, wasu daga dilar gwanjo aka zaro su, wasu kuma jabu ne da ko sunan kamfanin ba a rubuta daidai ba. Masu sayen kuwa, galibi mutanen da likita ya ce su rage teɓa ne, da samarin da ke zagaya filin wasa sau biyar ranar Asabar. Ina ganin ana cutar waɗannan bayin Allah, kuma da yardarsu ake yi.

Ban ce takalmin ba ya aiki ba. Yana yi, kuma tarihi ya nuna. A 2017 kamfanin Nike ya fitar da Vaporfly 4% a kan dala 250. Ranar 12 ga Oktoban 2019, Eliud Kipchoge na Kenya ya cinye kilomita 42 na gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana, sanye da ƙanen wannan takalmi. Ba a shigar da lokacin cikin kundin bajinta ba domin an shirya masa gudun ne na musamman. Washegari Brigid Kosgei ta yi 2:14:04 a Chicago, ta rushe bajintar Paula Radcliffe da ta tsaya tun 2003. Abin ya kai ga hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a Janairun 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, falle mai tauri kuma kada ya wuce ɗaya. Ba a kafa doka a kan abin da ba shi da tasiri.

To, daga ina "kashi 4" ɗin ya fito? Daga wani gwaji da aka yi a Jami'ar Colorado da ke Amurka, wanda Nike ce ta ɗauki nauyinsa. An sa ƙwararrun masu gudu 18 a kan injin gudu, aka auna iskar da jikinsu ke sha, aka ga ƙarfin da suke kashewa ya ragu da kimanin kashi 4 cikin ɗari idan aka kwatanta da manyan takalman tsere na lokacin. A aikinmu na rubuta manhaja, in wani ya ce maka ya ƙara wa manhajarsa sauri da kashi kaza, abin da za ka fara tambaya shi ne a kan wace na'ura ya gwada, kuma da wane irin aiki. A nan amsar ita ce an gwada a gudun kilomita 14 da 16 da 18 a awa. Mafi ƙanƙantar saurin nan ma, mai riƙe shi zai gama fanfalaki cikin kusan awa 3. Mai karatu, duba agogon wayarka ka ga ko ka taɓa riƙe wannan saurin na minti goma.

Da wasu masu bincike a Amurka suka maimaita gwajin a saurin talakawa, sai ribar ta tsuke: kimanin kashi 1.4 a gudun kilomita 12 a awa, da ƙasa da kashi 1 a kilomita 10 a awa, har da waɗanda takalmin ya ƙara musu wahala. Mu yi lissafi. Mutumin da ke cinye kilomita 10 cikin awa guda, kashi 1 na lokacinsa daƙiƙa 36 ne. Dala 250, in aka buga da canjin naira 1,500, ta kama naira 375,000, wato fiye da albashin wata biyar na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wannan duka domin rabin minti a gudun da ba wanda ke riƙe maka agogo, ba kuma kyautar da ke jiranka a ƙarshe sai ruwan leda.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kabon ɗin da ake ta kururutawa ba shi ne uban tafiyar ba. Masu talla na nuna shi kamar sifirin da ke cilla mutum gaba. Amma Wouter Hoogkamer, wanda ya jagoranci gwajin Colorado, daga baya shi da abokiyar aikinsa Laura Healey sun sa zarto sun yayyanka fallen kabon ɗin Vaporfly a wurare shida har ya daina tauri, suka sake aunawa. Bambancin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Babban aikin yana wajen sosan da aka lulluɓe fallen da shi, wani nau'in roba mai suna Pebax, marar nauyi, wanda ke mayar da kusan kashi 87 na ƙarfin da aka danna shi da shi, alhali sosan takalman da aka kwatanta shi da su yana mayar da kashi 65 zuwa 76. Fallen yana taimakawa wajen riƙe wannan soso mai laushi kada ya watse, yana kuma ba takalmin lanƙwasar da ke mirgina ƙafa gaba. In babu sosan, kabon ɗin ƙyallen tauri ne kawai a ƙarƙashin ƙafarka.

Shi kuma soso mutuwa yake yi. Wani gwaji a Sifen ya nuna bayan kilomita 450 fifikon irin wannan soso ya zube, ya dawo daidai da soso na yau da kullum. Adidas ma ba ta ɓoye ba: takalmin da Tigist Assefa ta Habasha ta sa ta yi 2:11:53 a Berlin a 2023, mai nauyin giram 138 da farashin dala 500, an yi shi ne domin tsere guda. Yanzu ka tambayi kanka, me ya sa Bature ya jefa nasa cikin kayan sadaka har ya iso dilar gwanjo a Ƙofar Wambai? Ya gama cin moriyarsa ne. Gwanjo ya rufa wa mutane da yawa asiri, kuma kambas na yau da kullum kana iya samun mai kyau a ciki. Amma takalmin kabon na gwanjo kamar batirin waya ne da ya gama rayuwarsa, jikin yana sheƙi, cikin ya mutu. Na jabu kuwa ya fi muni, domin a yawancin takalman nan fallen yana binne ne cikin soso, ba ka da hanyar sanin ko kabon ne ko robar bokiti sai ka yanka, sosan kuma irin na silifas ne aka yi masa tudu.

Sai batun ƙafa da hanya. An ƙera takalman nan domin kwalta mai santsi da gudu miƙaƙƙe. Suna da tsayi, dunduniyarsu siririya ce, robar ƙasansu kuma 'yar kaɗan ce don a rage nauyi. Ka ɗauke su ka hau burji, ko kwaltar da ramuka suka cinye gefenta, ko layin unguwa mai yashi da kwata, idon sawunka ne zai biya. Tsakuwa kuma za ta yage sosan kafin ka more shi. Taurin fallen yana sauya yadda nauyi ke sauka a ƙafa. A 2023 wasu likitocin wasanni sun wallafa labarin masu gudu biyar da wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafarsu ya samu rauni suna amfani da irin waɗannan takalma. Mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun isa su sa wanda ya fara gudu wata uku da suka wuce ya yi hattara. Masu tseren da ke da takalmin ma ba kullum suke sa shi ba, suna ajiye shi ne sai ranar tsere da 'yan atisayen sauri.

Akwai waɗanda takalmin ya dace da su a ƙasar nan, kuma nan ne abin ke da ciwo. Tun 2016 ake gudun fanfalaki na Legas, 'yan Kenya da Habasha na kwashe manyan kyaututtuka, a ɓangaren 'yan gida kuma 'yan Jihar Filato ne ke yawan zuwa gaba. Ga yaron Pankshin da ke gudun awa 2 da 'yan mintuna, kashi 2 ko 3 na lokacinsa minti uku ne ko huɗu, kuma wannan na iya raba shi da kyautar da zai ci shekara da ita. Shi ne ba ya iya saye. Wanda ke iya saye kuma yana tafiyar sassarfa da shi daga bakin get zuwa masallaci. Alhajin da ke son a san ya san kabon, da ya saya wa ɗaya daga cikin yaran nan, ya nemi a sa sunansa a rigar.

In har ka kai matakin da agogo ya ce kana buƙata, ƙafarka ce za ta zaɓa, tambarin kamfani ba ya gudu. Asics ta raba Metaspeed gida biyu, Sky don mai dogon taku, Edge don mai yawan taku, domin ta san abin da ya dace da wani ba ya dacewa da wani. Adidas tana sa sandunan kabon da ke bin layin yatsu a maimakon falle guda. Saucony na da Endorphin Speed mai fallen nailan, ya fi sauƙin lanƙwasa da sauƙin kuɗi, kuma ya fi jure atisaye. Kamfanonin Sin irin su Xtep da Li-Ning suna yin na gaske da sunansu, a farashin da bai kai na Nike ba, kuma gara nasu na asali da Nike na jabu. Ka gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita, ka bar sararin faɗin babban yatsa a gaba. Ka ɗan yi gudu da shi, ka sha kwana, ka ji ko dunduniya na zamewa. Mai shagon da ya hana ka taka ƙasa da takalmin naira 300,000 kafin ka biya, ka mayar masa da kwalinsa.