Wanda aka yafe wa miliyan, kada ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dala

Sanin kowa ne cewa kasuwannin iyaka da bashi suke tafiya. Daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ɗan kasuwa yakan ɗauki albasa ko wake ko atamfa da baki kawai, sai kasuwa ta zagayo ya kawo kuɗi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. To amma shekarun nan sun jijjiga wannan amana. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufe iyakar har zuwa Maris na 2024, a daidai lokacin da naira ta faɗi warwas a gaban sefa. Albasa ta ruɓe cikin motoci, wanda ya ɗauki kaya da sefa ya sayar da naira ya wayi gari uwar kuɗin ma ba ta fito ba. Iyaka ta buɗe, amma har yau akwai abokan ciniki na shekara da shekaru da ba sa ga maciji da juna.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu leƙa abin da maƙwabtanmu Kiristoci suke koyarwa a kan ceto da yafiya. Suna nan tare da mu a rumfuna, daga masu sayar da kayan mota har Hausawan Maraɗi da Galmi da aka haifa cikin wannan addini. Musulmi da Kirista sun bambanta a kan aƙida, musamman batun gicciye, kuma kowa ya san nasa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, idan Kirista zai bayyana ceto, da harshen kasuwa yake bayyana shi. A wurinsu zunubi bashi ne da Allah yake bin ɗan Adam, bashin da ya fi ƙarfin aikinsa da sadakarsa. Sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya biya wannan bashi da mutuwarsa a kan gicciye, mutum kuma yana samun ceto kyauta ta hanyar tuba da bangaskiya. Ke nan kowane Kirista yana kallon kansa a matsayin wanda aka soke wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba.

A Linjilar Matiyu sura ta 18 akwai misalin da ya kamata kowane mai littafin bashi ya sani. Wani sarki ya zauna lissafi da barorinsa, aka kawo masa wanda yake bi talanti 10,000. A wancan zamani dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, talanti ɗaya kuma ya kai wajen dinari 6,000. Ku lissafa, ƴan kasuwa: ladan yini miliyan 60 ke nan, abin da ko jikokinsa ba za su gama biya ba. Bawan ya faɗi yana roƙon a ƙara masa lokaci, sarki ya ji tausayinsa ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya sai ya yi kiciɓis da wani abokin aikinsa da yake bi dinari 100, wato ladan wata uku da ƴan kwanaki. Ya caƙumi wuyansa, ya ƙi jin irin roƙon da shi kansa ya yi ɗazu, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai kunnen sarki, sai ya kira shi ya mayar masa da hukuncin bashinsa na farko.

Malaman Kirista suna cewa yafe wa mutane ba shi ne kuɗin da ake sayen ceto da shi ba, domin ceto kyauta ne. Yafiya ita ce shaidar cewa mutum ya karɓi wannan kyauta da gaske. Wanda ya ce an yafe masa, alhali yana riƙe da ɗan'uwansa a zuci shekara biyar, bai san girman abin da aka yafe masa ba. Shi ya sa a cikin Addu'ar Ubangiji, wadda ake yi a majami'u kowace Lahadi, mai addu'a yakan haɗa gafarar da yake nema wurin Allah da wadda shi ya yi wa waɗanda suka saɓa masa. Da Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa, amsar da ya samu ta kai bakwai sau saba'in, ma'ana a daina ƙidaya.

Wani zai ce wannan magana ce ta cikin littafi. To, an gwada ta a Nijar. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai, gwamnati ta sa makoki na kwana uku. Kiristocin Nijar ba su da hannu a wannan zane, ba su san masu yin sa ba. A Damagaram wasunsu sai a barikin soja suka samu mafaka, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a gidajensu, abin da ya kamata a riƙa tunawa. Bayan ƙura ta lafa, shugabannin majami'u suka yi kira ga mabiyansu da su yafe, kada su rama. Wani zai ce ai ƴan tsiraru ne, ba su da ƙarfin ramuwa. Amma mai rauni ma yana iya riƙe gaba, ya ƙi gaisuwa, ya ƙi ciniki, ya gadar wa ƴaƴansa ƙiyayya. Mun ga garuruwa a wannan yanki namu inda rikici ɗaya ya raba unguwanni da kasuwanni har yau. Yamai da Damagaram ba su kai ga haka ba, kuma a ganinmu waccan yafiya tana da kaso a ciki.

Mun san abin da zai zo a ran mai jari: idan na yafe wa kowa, gobe da me zan buɗe rumfa, kuma ba na ƙarfafa macuta ba ke nan? Tambaya ce mai kyau, kuma koyarwar Kirista ba ta kauce mata ba. A cikin wannan sura ta 18, kafin misalin sarkin, an tsara yadda ake bin wanda ya yi maka laifi: ka same shi ku biyu kawai, in bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan a kai gaban jama'a. Wannan bai yi nisa da yadda iyayenmu suke yi ba, daga maigida zuwa dillali zuwa sarkin kasuwa, kafin a kai ga jandarma. Haka kuma shi mai laifi yana da nasa nauyi. Linjilar Luka sura ta 19 ta kawo labarin Zakiyus, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, a ranar ce kuma aka yi masa albishir da ceto. Wanda ya ci dukiyar mutane yana da halin biya, ya zo yana cewa a yafe don Allah, bai tuba ba tukuna.

Yafiya kuma ba ta soke shari'a. Fafaroma John Paul na biyu, wanda Mehmet Ali Agca ya harbe a watan Mayu na 1981, ya je har kurkuku a Disamba na 1983 ya zauna da shi, ya nuna ya yafe masa. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000. Fafaroma ya saki abin da ke zuciyarsa, hukuma ta riƙe nata.

Saboda haka shawararmu ga masu littafin bashi ita ce su buɗe shi su raba sunayen gida biyu. Akwai wanda ya ƙi biya, akwai wanda ya kasa biya. Na farko a bi shi ta hanyar da ta dace, da shaidu, ba tare da zagi ko tonon asiri a tsakiyar kasuwa ba. Na biyu, wanda rufe iyaka ko faɗuwar naira ta karya, a ƙara masa lokaci, a raba masa biyan kashi-kashi, mai hali ya sassauta ko ya yafe. Ƴan'uwa Musulmi sun san aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. A wannan gaɓa babu gardama tsakanin masallaci da majami'a. Duka biyun kuwa, ko wanda ya ƙi ko wanda ya kasa, kada a yanke musu gaisuwa, domin tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Kusan babu ɗan kasuwar da ya kai wani matsayi ba tare da wani ya taɓa ɗaga masa ƙafa ba: maigidan da ya yi shiru a kan asarar da yaronsa ya jawo, ko abokin cinikin Kano da ya jira shi har kaka. Kafin mu aika a kamo mana wanda muke bi jika goma, mu tuna nawa aka bar mana. Allah ya hore wa masu bashi abin biya, ya ba masu bi haƙuri, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.