Zancen Iyali: Abin da ke ɓoye cikin littafin zane

A wannan wata za mu yi magana a kan littattafan nan na labari cikin zane, waɗanda yaranmu ke so ƙwarai. Da yawa cikinmu mukan ce, ai hotuna ne kawai, wasan yara ne. To, bari mu ɗauki guda ɗaya mu duba cikinsa.

A ƙasar Faransa akwai wani jerin littattafai mai suna Valérian da Laureline. Pierre Christin ne ya rubuta labarin, Jean-Claude Mézières kuwa ya yi zanen. Sun fara a mujallar Pilote a 1967, suka kai labarin ƙarshensa a 2010. An juya shi zuwa Turanci, an kuma yi fim ɗinsa a 2017. Valérian ma'aikaci ne na wani birni mai suna Galaxity a ƙarni na 28. Aikinsa shi ne tafiya cikin zamanai, yau ya koma baya, gobe ya wuce gaba. A Faransa ta ƙarni na 11 ya gamu da Laureline, 'yar ƙauye wadda ta ceci ransa, ta zama abokiyar aikinsa.

Masu littafin sun ɓoye abubuwa da dama a ciki. A labarin da suka fara a 1968, sun zana birnin Niyok na Amurka ruwa ya ci shi a shekarar 1986, bayan bama-bamai sun fashe sun narkar da ƙanƙarar arewacin duniya. A can akwai wani shugaban 'yan daba mai busa sarewa, sunansa Sun Rae. Daga Sun Ra, wani makaɗin Amurka, aka aro sunan. Akwai kuma wani masanin kimiyya, Schroeder, wanda aka ba shi fuskar ɗan wasan barkwanci Jerry Lewis. Sunan Laureline ma su suka ƙago shi, ga shi kuwa iyaye da yawa a Faransa sun raɗa wa 'ya'yansu mata. Kun ga ƙarfin littafin zane ke nan: ya shiga gida har ya kai ga ranar suna.

Amma ba dukan abin da aka ɓoye ba ne na dariya. Da 1986 ta matso, sai ya zama dole masu littafin su bayyana dalilin da ya sa rigyawar ba za ta zo ba. A littafin da suka fitar a 1985, sun kai Valérian wata duniya mai suna Hypsis, inda ya tarar da wasu uku masu iko da duniyarmu. Na farko ƙaton mutum ne mai kama da mugun ɗan sandan da Orson Welles ya fito a matsayinsa cikin wani fim na 1958. Na biyu saurayi ne mai dogon gashi. Na uku kuwa na'urar caca ce. Babba yana gani zai gane da Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki ake ba'a. Yaro fa? Shi dariya zai yi, hoton kuwa ya zauna masa a zuciya.

Ba mu ce a ƙone littattafan zane ba. Wannan jeri ma yana da abubuwa masu kyau, gama yana tsawata wa masu zalunci da masu ɓata ƙasa saboda riba. Abin da muke cewa shi ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. In ɗanka ya kawo irin wannan littafi gida, ko ya buɗe shi a waya, zauna ku karanta tare. Tambaye shi, "Wane ne wannan? Me ake nufi da shi?" Inda aka yi gaskiya, ku yaba. Inda aka taɓa sunan Ubangiji, ka nuna masa a fili, ba da faɗa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.