Sabon dillalin gidaje a Amurka: Horo ya fi kaso

A jihohin Amurka irin su Texas da New York, sabon dillalin gidaje ba ya fara aiki da lasisinsa sai babban dillali ya ɗauke shi a ƙarƙashinsa. Galibi babu albashi, la'ada ake rabawa.

Nan sababbi ke ruɗuwa: su bi mai alkawarin kashi 90 cikin 100, su manta da kuɗin ofis na wata-wata, a yi ciniki ko kada a yi.

Tun Agustan 2024, yawancin dillalai sai sun ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mai saye kafin su nuna masa gida. Wannan sai da koyo. Gara sabon shiga ya zaɓi ubangida mai koyarwa, ko da rabin la'ada zai tsira da shi.