Rigimar Kantabari da wadda ke ƙofar gidanmu

'Yan uwa 'yan Angilikan na Unimaid, ku yi haƙuri, yau zan ɗan taɓo mu.

Tun da aka sanar a Oktoban 2025 cewa Sarah Mullally ce za ta zama Akbishop na Kantabari, zaurukanmu na WhatsApp ba su huta ba. Kowa ya zama masanin tauhidi. To amma wannan ɓaraka ba jiya ta fara ba. A 2003 cocin Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop, a 2005 Cocin Najeriya ƙarƙashin Peter Akinola ta cire sunan Kantabari daga kundin tsarin mulkinta, a 2008 aka kafa GAFCON a Urushalima. Da Cocin Ingila ta amince da yi wa masu auren jinsi addu'ar albarka a 2023, igiyar ta ƙara tsinkewa. Kowa ya san inda Akbishop Henry Ndukuba ya tsaya, kuma yawancinmu muna bayansa. Ni ba can damuwata take ba.

Damuwata ita ce wa ke da baki a ikilisiyarmu ta nan. Tsarinmu a takarda yana da kyau wallahi. Akwai taron shekara na ikilisiya inda ake zaɓen majalisar coci, akwai wakilin jama'a ban da wakilin limami, sinod ɗin dayosis kuma yana da kujerun waɗanda ba limamai ba. To ku faɗa mini, mu nawa ne a cikin ɗalibai muka taɓa zama har ƙarshen taron nan? Da an ce alheri sai mu kama Keke Napep mu koma hostal. Daga baya mu zo muna gunaguni an kashe kuɗin baiko a fenti alhali ga iyalan da Boko Haram ta koro daga Gwoza da Chibok ba su da kuɗin makarantar yara.

Sai maganar harshe, wadda ba ma son faɗa da ƙarfi. Yawancin majami'un Angilikan a biranen Arewa 'yan uwanmu Ibo da Yarbawa da suka zo aiki da kasuwanci ne suka gina su, kuma sun cancanci godiya. Amma idan sujadar Hausa kullum ita ce ta ɗan lokacin da ya rage, kuma ana tattauna kasafin kuɗi da Turanci zalla, tsohuwar da ta zo daga Biu ta yaya za ta ɗaga hannu ta yi tambaya? Shiru za ta yi, wata rana ka gan ta a EYN ko COCIN, inda ake jin bakinta. Wannan rabuwar ba ta da sanarwar manema labarai, kujeru ne kawai ke ƙaruwa babu kowa a kai.

Bishop kam majalisar bishop-bishop ce ke zaɓarsa, ba mu da ƙuri'a a can. Amma majalisar coci tamu ce. Ina roƙon ƙungiyar ɗalibanmu ta tsayar da mutum biyu a taron shekara mai zuwa, mace ɗaya namiji ɗaya, su nemi a karanta rahoton kuɗi da Hausa da Turanci, a kuma manna shi a allon sanarwa.