Keke a Kashin Zama: Yanayi bai hana ba, hanya ce ta hana

Duk shekara idan sanyi ya tsananta a Turai, manyan ƙungiyoyin tseren keke sukan kwashe 'yan wasansu zuwa inda rana ke fitowa. Wasu su sauka a garin Kalfe na gaɓar tekun Sifaniya, wasu su wuce tsibirin Tenerif, suna neman wurin da babu ƙanƙara, babu zafi mai gasa mutum, domin su yi ta tuƙa keke ba hutu.

Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka ɗora wa jihar Kebbi, nan take za a ce ba ta cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Daga Yuni zuwa Satumba ga damina, sannan hunturu ya biyo baya da hazo da ƙura. Sai dai duk wanda ya san Kashin Zama a ƙaramar hukumar Aliero, da hanyoyin da suka haɗa ta da Jega da Maiyama, ya san mutane na hawa keke a can wata goma sha biyu ba fashi. Manomi na hawa zuwa fadamar albasa, ɗalibi zuwa makaranta, mai talla zuwa kasuwar Jega.

Dabararsu ita ce zaɓen lokaci. Baturen da ke gudun sanyi ƙasa yake sauyawa, mutumin Kashin Zama kuwa sa'a yake sauyawa. Daga idar da sallar asuba zuwa wajen ƙarfe tara, ko a tsakiyar bazara, iska na da dama-dama. Bayan la'asar ma akwai wata kafa kafin magariba. A damina ruwa yakan zo ne da hadari, ya zuba ya ɗauke, ba kamar yayyafin Ingila da ke wuni yana sauka ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa, idan aka cire ranakun da hazo ya yi kauri, safiya da yamma duk na mai keke ne. Ga shi ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da zai sa tsoho ya sauka ya tura.

Ba sai an je Turai neman misali ba. Burkina Faso, wadda yanayinta ya yi kama da na Kebbi, tana gudanar da gasar Tour du Faso tun 1987, kuma takan sanya ta ne a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke. Gaskiya ne ƙasashen da suka fi suna a wasan keke a Afirka suna da tudu da sanyi. Birnin Asmara na Eritiriya, inda Biniam Girmay ya fito, ya haura mita 2,300 daga doron teku, kuma Kigali, wadda ta karɓi gasar duniya a Satumban 2025, ita ma a kan tuddai take. Amma Burkina ta nuna cewa ƙasar zafi na iya raya keke idan ta san kalandarta.

To me ya hana nan? Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega ta nufi Maiyama da Yawuri hanya ce ta tireloli da tankoki. A lokacin cire albasa, manyan motocin da ke kai kaya Kudu sukan ƙaru. Inda gefen kwalta ya zaizaye ko yashi ya rufe shi, mai keke ba shi da zaɓi: ko ya hau tsakiyar titi ya yi gogayya da tirela, ko ya faɗa rairayi taya ta nutse. Abin takaici, lokacin da yanayi ya fi daɗin tuƙi, wato duku-duku da gab da magariba, shi ne lokacin da direba ya fi wahalar hango keken da ba shi da fitila. Aliero ta yi suna da masu ɗori, amma bai kamata wannan ya zama tanadin da aka yi wa mai keke ba.

Maganar ta wuce ta wasa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na ɗan acaɓa suka fi ƙarfin gidaje da yawa. Keke ba ya shan mai, kuma gyaransa bai wuce faci da famfo da man sarƙa ba. Ga ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, ko malamin firamare da ke koyarwa a ƙauyen da ke kusa, keke ɗaya na iya rage masa kaso mai tsoka na abin da yake kashewa a wata. Abin da ke sa iyaye jinkirin saya wa yaro shi ne tsoron titi.

Masu cewa zafin yankin na da haɗari suna da gaskiya, bai kamata a raina maganarsu ba. Tuƙa keke da tsakar ranar Afrilu ganganci ne, musamman ga mai azumi ko mai hawan jini, kuma ƙurar hunturu na tayar wa masu asma ciwo. Maganin wannan sananne ne: a sammako, a ɗauki ruwa, a rufe hanci ranar hazo, a bar keke a inuwa daga hantsi zuwa la'asar. Haɗarin tirela kuwa babu gorar ruwan da za ta yi maganinsa.

Abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, ta gyara gefen kwalta a mashigar garuruwan uku. Ƙananan hukumomi su dasa dogonyaro a bakin hanyoyin ƙauyuka, domin inuwa na ƙara wa mai keke lokacin tafiya. Hukumar kiyaye haɗurra ta shiga tashoshin mota da makarantu da batun fitila da madubin da ke ƙyalli a bayan keke, kuma ranar keke ta duniya, 3 ga Yuni, dama ce ta yin hakan.

Ma'aikatar wasanni ta jiha kuma za ta iya shirya tseren shekara-shekara a watan Disamba, daga Maiyama zuwa Jega, a ƙare a Aliero, a rufe hanya na 'yan sa'o'i da safe. Matasan da suka saba ɗora buhun albasa a bayan keke ba za su rasa ƙarfin ƙafa ba. Ana barin su ne ba horo, ba kariya, a kan titin da aka tsara shi kamar babu su.