Kyakkyawa da Dodo: abin ɗauka da abin bari cikin littattafan soyayya na Turawa

Duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci da takardar shaida a hannunsa, abin da yake fara nema shi ne abin karantawa. Haka kuma ƴan makaranta, maza da mata, waɗanda suka iya faransanci. A wajen masu saida tsofaffin littattafai na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, yau kuma har cikin wayar hannu, akan sami littattafan soyayya da aka rubuta a Turai da Amurka. Daga cikinsu akwai wani iri wanda ya kamata uwaye da malamai da ma'aikatan gwamnati su san shi sosai, watau labarin da aka ɗora bisa zamanin da, inda kyakkyawar budurwa take faɗawa hannun wani mutum mai ban tsoro, daga baya ta so shi. Turawa suna kiran wannan salo da sunan wata tsohuwar tatsuniyarsu, La Belle et la Bête, ma'ana Kyakkyawa da Dodo. Littattafan nan suna da amfani, suna kuma da illa, saboda haka wajibi ne a rarrabe tsaki da tsakuwa.

Asalin labarin

Wata mata ta ƙasar Faransa, Madam Villeneuve, ita ce ta fara buga wannan labari a shekara ta 1740. A 1756 wata malama, Madam Leprince de Beaumont, wadda take aikin tarbiyyar ɗiyan manya a birnin Landan, ta gajarta shi ta sa cikin littafinta na koyar da ƴan mata, Magasin des enfants. Nata ne ya zagaya duniya. Ga yadda yake a taƙaice. Wani attajiri ne ya karye. A kan hanyarsa ta komowa daga tafiya, ya kwana a wata fada, da safe ya tsinko wa autar ɗiyansa mata furen wardi guda. Sai mai fadar ya fito, ashe dodo ne, ya ce ko dai a ba shi ran uban, ko ɗaya daga cikin ɗiyansa ta zo a madadinsa. Auta ta miƙa kanta. Kullum da dare dodo yakan tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce a'a, shi kuwa ya tafi da baƙin cikinsa ba tare da ya taɓa ta ba. Da ta nemi ganin ubanta, ya bar ta ta tafi. Ta wuce wa'adin da suka yi, ta komo ta iske shi bakin mutuwa, nan ta gane tana son sa, ta yarda da auren. Nan take dodo ya rikiɗa ya zama ɗan sarki, domin da ma sihiri aka yi masa.

Saiwar labarin ta fi haka nisa. Cikin ƙarni na 2 na Miladiyya, Apuleius, wanda aka haifa a Madaura cikin Aljeriya ta yanzu, ya rubuta da latinanci labarin wata budurwa da aka kai wa mijin da ba ta ganin fuskarsa, ana ce mata maciji ne. Sai dai abin lura shi ne zamanin da matan nan biyu na Faransa suka yi rubutunsu. A lokacin, uba ne yake zaɓar wa ɗiyarsa miji a gidajen manya, bisa lissafin dukiya da sarauta, sau da yawa mijin ya girme ta nesa ba kusa ba. Masana adabi da dama suna ganin tatsuniyar lallashi ce ga yarinyar da za a kai ɗakin baƙon namiji: a kwantar mata da hankali, a ce mata wanda take tsoro yau zai iya zama abin ƙaunarta gobe.

Yadda ya shiga littattafan soyayya

Daga wannan tushe marubuta suka yi ta reshe. A Ingila, cikin 1847, Charlotte Brontë ta fitar da Jane Eyre, inda marainiya matalauciya take son maigidanta Rochester, mutum mai ɗaure fuska, ta kuma aure shi bayan gobara ta makantar da shi ta raba shi da hannu ɗaya. A Faransa, cikin 1957, Anne Golon da mijinta Serge suka fitar da Angélique, labarin ɗiyar wani basarake da ya tsiyace a zamanin sarki Luwi na 14, wadda aka aurar ba da sonta ba ga Joffrey de Peyrac na birnin Tulus, gurgu mai tabo a fuska, wanda jama'a suke ce wa matsafi. An mai da shi silima a 1964. A Amurka, cikin 1982, Kathleen Woodiwiss ta rubuta A Rose in Winter, inda uba ɗan caca ya sa ɗiyarsa a gwanjo don ya biya bashi, wani basarake mai rufe fuska da jan ƙafa ya saye ta. Kamfanin Harlequin, wanda aka kafa a Kanada a 1949, ya fara buga irin waɗannan littattafai da faransanci a 1978, ta haka kuma suka ƙara yaɗuwa cikin ƙasashe masu aiki da wannan harshe.

Abin ɗauka

Darasi na farko a bayyane yake, kuma babu mai hankalin da zai musa shi: kyan fuska daban, kyan hali daban. Cikin labarin Madam Beaumont, yayyen auta biyu sun yi auren da suke alfahari da shi. Ɗaya ta auri kyakkyawan da ba ya kallon kowa sai kansa, ɗaya ta auri mai kaifin baki wanda yake muzanta ta da shi. Auta kaɗai ta dubi hali. A ƙasar da ake da guragu da makafi da waɗanda kuturta ta taɓa, waɗanda sau da yawa akan guje su wajen neman aure, littafin da zai nuna wa matashi cewa mai naƙasa mutum ne cikakke, mai zuciya da daraja, ya yi aikin alheri. Addinin Musulunci ma ya koyar da cewa Allah yana duban zukata da ayyuka ne, ba ya duban surar jiki.

Darasi na biyu ya fi ɓoyuwa, ya kuma fi nauyi. Dodon asali yana da ƙarfi, yana da fada, yarinya tana hannunsa, amma tambaya yake yi, in an ƙi ya haƙura. Peyrac ma, ko da yake an ɗaura masa aure da Angélique, bai tilasta mata ba, jira ya yi har ta so shi don kanta. Sihirin bai karye ba sai ranar da mace ta ce ta yarda, da bakinta, bayan an buɗe mata ƙofa ta fita ta komo. Wannan ya yi daidai da abin da ya zo cikin Sahihul Buhari game da Hansa'u ɗiyar Hizamu, wadda ubanta ya aurar ba da yardarta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya warware auren.

Dodo iri biyu ne

Inda matsala take shi ne, marubuta da yawa sun sauya dodon. Akwai dodo na jiki, mai munin sura da taushin zuciya. Akwai kuma dodo na hali, kyakkyawan namiji mai dukiya wanda yake zagi da wulaƙanci da tilastawa. Misali sananne shi ne The Flame and the Flower, wanda Kathleen Woodiwiss ta fitar a 1972. Cikinsa wani shugaban jirgin ruwa ya yi wa budurwa fyaɗe, ta yi ciki, aka tilasta masa aurenta, labarin kuma ya ƙare da soyayya da zaman daɗi. Littafin ya sami kasuwa ƙwarai, marubuta da yawa suka bi sawunsa cikin shekarun 1970 da 1980.

Irin wannan labari yana ɗauke da wata koyarwa mai haɗari: wai mugun miji rauni ne gare shi a zuci, in mace ta yi ta haƙuri tana ƙara so, wata rana zai rikiɗa ya zama ɗan sarki. Wata malamar jami'a ta Amurka, Janice Radway, ta yi bincike tsakanin mata 42 masu yawan karanta littattafan soyayya, ta buga sakamakonsa a 1984. Matan sun shaida mata cewa karatun hutu ne gare su daga wahalar hidimar gida. Ita kuwa ta lura cewa labaran suna koya wa mai karatu ta fassara ƙeta da shariyar namiji a matsayin so wanda bai iya bayyana kansa ba.

Mai yiwuwa wani ya ce ai almara ce, babbar mace ta san bambancin littafi da rayuwa. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma bai dace a raina hankalin mata masu karatu ba. Amma a dubi shekarun waɗanda littafin yake faɗawa hannunsu a nan. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika shekara 18, kashi 28 cikin 100 kuma kafin shekara 15. Yarinyar da aka cire daga makaranta aka kai ɗakin wanda ba ta so, ta riga ta ji kalmar haƙuri daga bakin uwa da gwaggo da maƙwabta. In littafi ma ya zo ya ce mata duka alamar so ce, to, an toshe mata ƙofar ƙarshe. Haƙuri da talauci ko ciwo ko naƙasar miji ibada ce kuma mutunci ne. Haƙuri da zalunci kuwa ba ya gyara azzalumi, domin hali zanen dutse ne.

Su kansu marubutan sun ji wannan suka. Cikin Lord of Scoundrels na Loretta Chase, wanda ya fito a 1995, da namijin ya ɓata wa matar suna, sai ta harbe shi a hannu ta kuma ɗauko masa lauya. Ba ana nufin a yi koyi da bindigar ba. Abin nufi shi ne, a nan namijin ne ya wajaba ya gyara kansa.

Dukiya da tarihi

Akwai wata tambaya da littattafan nan ba su cika son a yi ba: in da dodon talaka ne fa? Kusan kullum yana da fada da barori da zinariya. Biktor Hugo ya ba da amsa tun 1831 cikin Notre-Dame de Paris. Quasimodo mai doro, mai kaɗa ƙararrawar majami'a, yana da zuciyar kirki, amma ba shi da ko anini, Esmeralda kuwa ba ta so shi ba, hankalinta yana wajen kyakkyawan soja wanda ya yaudare ta. Saboda haka in ba a lura ba, darasin kada a dubi fuska sai ya koma darasin a dubi aljihu, wanda shi ne ainihin abin da yake sa wani uba ya miƙa ɗiyarsa ga tsoho mai kuɗi.

Tarihin da ke ciki ma rabi ne. Ana nuna tufafin alharini da raye-rayen fada, ba a nuna talakan da ya biya haraji. Luwi na 14 na zamanin Angélique shi ne ya kafa dokar bayi ta 1685, wadda ake kira Code noir, don tsibiran Faransa na Amurka. Dukiyar matar Rochester ta fari daga Jamaika ta fito, ƙasar gandayen rake da bayi suka noma. Jarumin The Flame and the Flower mai gandu ne a Karolina, a zamanin da bayi baƙar fata suke noman wannan yanki. Ɗan Afirka mai karatu ya kamata ya tambayi inda zinariyar fada ta fito.

Abin da ya kamata a yi

Hana karatu ba magani ba ne. Wanda ya koyi baƙi bai sami abin karantawa ba, karatunsa zai zube cikin ƴan shekaru, kuɗin da gwamnati ta kashe a kansa ya tafi a banza. Labarin soyayya kuwa yana riƙe mai karatu har shafin ƙarshe fiye da takardar sanarwa. Aikin da ke gaban malaman makaranta da na karatun manya shi ne su koya wa ɗalibai tambayoyi 3 da za su yi wa kowane littafi irin wannan. Munin mutumin nan na jiki ne ko na hali? An tambayi yarinyar, kuma tana da ikon ta ƙi? Da ba shi da dukiya, labarin zai tsaya da ƙafarsa?

Sa'an nan a gwada shi da na gida. Hausawa suna da tatsuniyar yarinyar da ta ce ba ta auren namiji mai tabo, sai dodo ya rikiɗa ya zo mata da siffar saurayi marar aibi, ta bi shi daji, da ƙyar ta tsira. Ta Turawa tana cewa cikin dodo ana iya samun ɗan sarki. Ta Hausawa tana cewa cikin ɗan sarki ana iya samun dodo. Yarinyar da ta san duka biyun ta fi wadda ta san ɗaya shiri.

Daga ƙarshe, maganin littafi marar kyau shi ne littafi mai kyau. Abdoulaye Mamani ya nuna a 1980, cikin Sarraounia, cewa tarihin ƙasar nan ya isa a gina labari a kansa, da ya ba da labarin sarauniyar Lugu wadda ta yi tsayin daka gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. A Kano, Balaraba Ramat Yakubu ta ɗauki salon soyayya ta yi magana a kan auren dole da ilimin mata cikin Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Birnin Damagaram na zamanin sarki Tanimun, da ayarin gishiri na Bilma, da tsohuwar daular Gobir, duk suna jiran alƙalami. Ya rage ga hukumomin ilimi da na al'adu su sa gasar rubutu cikin harsunan ƙasa, su buga abin da ya yi fice da araha, su kai shi har cibiyoyin karatu na ƙauye. Uwaye kuma su riƙa tambayar ɗiyansu abin da suka karanta, su saurari amsa, kamar yadda ya wajaba su tambaye su kafin a ɗaura musu aure. Allah shi sa a gane, amin.