Kunkurun Magazin har yau bai yi ƙane ba

A watan Janairun 2023 kamfanin Audi na Jamus ya nuna wata motar gwaji mai suna Activesphere. Gabanta na motar alfarma ne, bayanta yana buɗewa ya koma a-kori-kura, ga ƙafafu na shiga daji. Ba ta sayarwa ba ce, ta nuni ce kawai. Su a can abin sha'awa ne. Mu a Zangon Kumasi kuwa, irin wannan mota ita ce buƙatarmu ta kullum.

Duba ɗan kasuwarmu. Da safe ya kai yara makaranta, da rana ya kwaso buhunan albasa ko doyar Techiman, da damina ya kutsa lungunan Aboabo da Sawaba cikin taɓo. Mota ɗaya yake so ta yi duk wannan. Da ya rasa ta sai ya koma kan aboboya, wadda aka yi don kaya, amma yau har mutane ake lodawa a kai. Allah dai ya kiyaye.

Abin takaicin shi ne, an taɓa ƙera irinta a nan ƙofar gidanmu. A 2013 mafitan Suame Magazin, ƙarƙashin ƙungiyar SMIDO, tare da wasu 'yan Holan biyu, Melle Smets da Joost van Onna, sun haɗa mota cikin kusan wata uku. Suka sa mata suna SMATI Turtle, wato kunkuru: ba gudu, amma ga juriya, kuma duk wani fita zai iya gyara ta. Aka kai ta Holan aka yi ta kallo. Daga nan fa? Shiru kake ji. Kunkuru bai yi ƙane ba.

Wani zai ce, ai motar gida ba ta kai ta waje inganci ba, kuma ran mutum ba abin gwaji ba ne. Gaskiya ne. Shi ya sa ba na cewa a sake ta kan titi haka nan. A kai ta KNUST a gwada birki da ƙarfin jiki, hukuma ta ba da takarda. Amma ba wanda zai kashe kuɗi kan gwaji in babu mai saye. Kantanka ma, da masana'antarsa a Gomoa Mpota, da masu saye suka yi yawa da tuni motocinsa sun cika titi.

To, nan ne namu aikin yake. Yaranmu da yawa suna koyon aiki a Magazin. Ƙungiyoyin 'yan albasa, 'yan shanu da direbobi su haɗa kai, su je wa mafitan da magana ɗaya: ga motar da muke so, ga adadin da za mu saya, ga kafin alƙalami. Sarakunan Zango da ɗan majalisar Asawase su shige gaba. Kowa ya ƙi zuba jari a gida, zai ƙare yana kallon motar wasu a waya.